Shawarwari kan yini guda a birnin Galway

Waɗanda suka taɓa zagaya Ayalan da mota sun yi ittifaƙi cewa wanda ya isa Galway, a gaɓar yammacin ƙasar, ya ajiye motarsa tun da safe ya taka da ƙafa, domin titunan tsakiyar birnin matsattsu ne, wasu ma an keɓe su ga masu tafiya a ƙasa. Sun ce a fara daga dandalin Eyre, a gangara ta Shop Street inda makaɗa ke wasa a bakin titi, har a kai Spanish Arch, ragowar ganuwar da aka gina a 1584 a bakin kogin Corrib. Gidan tarihin birnin yana dab da wurin, kuma shiga kyauta ne.

Idan ranar Asabar ce, kasuwar da ke ci kusa da cocin St Nicholas ta cancanci awa guda, ko don cuku da burodin gida. Inda aka saɓa shi ne batun haɗa Galway da tsaunukan Moher, da ke bakin teku a kudu da birnin, a yini ɗaya. Mafi yawa sun hana, kuma da gaskiyarsu, saboda hanyar tana da kwana-kwana, ga shi a gefen hagu na titi ake tuƙi. Kada a manta da rigar ruwa, ko da rana ta fito.