Cape Verde da wutar iska: alkawarin kashi 100 ya koma 50, gazawa ce?

Injiniya: Salamu alaikum 'yan zaure. A 2015 Cape Verde, ƙasar tsibirai da ke teku a yammacin Afirka, ta rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa in ta samu tallafi, zuwa 2025 duk wutarta daga iska da rana da makamantansu za ta fito. Yanzu burin ya koma kashi 50 cikin 100 zuwa 2030, kuma har yau injinan dizal da baƙin mai ne ke ba da mafi yawan wutar. Ƙasa ce mai mutum wajen rabin miliyan, ga iska ga rana. In ita ta kasa, ni dai na ce iska da rana ba sa riƙe ƙasa.

Malama: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka yi saurin yanke hukunci. Ka duba Cabeólica, kamfanin wutar iska na ƙasar, tukuna. Tun 2011 aka kafa manyan fankokin iska 30 a tsibiran Santiago da São Vicente da Sal da Boa Vista, megawat 25.5 gaba ɗaya, kuma a shekarun farko su kaɗai suna ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar ƙasar. Ƙasar da ba ta da ɗigon mai ko ɗaya, kowace lita sai jirgin ruwa ya kawo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya: Ɗaya cikin biyar fa, Malama. Sauran huɗun ina suke?

Malama: Suna inda matsalar take. Tsibirai goma ne, tara da mutane, kuma kowanne da nasa ɗan ƙaramin layin wuta, babu waya ta ƙarƙashin teku da ta haɗa su. Da tsakar dare, an kashe fitilu, buƙata ta ragu, iska kuwa na nan na kaɗawa. Injin dizal ba ya sauka ƙasa da wani mizani, kuma dole a bar shi a kunne don kada wutar ta yi rawa idan iska ta lafa ba zato. To me ma'aikaci zai yi? Sai ya rage fankokin, wutar da ta zo kyauta ta tafi a banza. Da ƙasar dunƙulalliya ce, da an tura rarar wani gari. Abin da ya yi ƙaranci wurin ajiya ne, iska kam akwai ta.

Baba Alhaji: Ni tambayata ta ɗan kasuwa ce. An ce kuɗin wutarsu na cikin mafi tsada a Afirka. Talaka ya ga sauƙi a takardar biyan kuɗi ko kuwa?

Malama: Ranka ya daɗe, tsadar daga man take, kuma ba a fitila kaɗai ta tsaya ba. A Sal da biranen Mindelo da Praia ruwan famfo daga teku ake tace shi, injin tacewa kuma wuta yake ci. Duk ranar da mai ya tashi a kasuwar duniya, ruwan sha ma ya tashi. Shi ya sa abin yake damuna. Maganar ruwan sha ce.

Ƙanwa: Anti Malama, ƙurar hunturun da muke sha ai tana kaiwa can ma. Ba ta toshe faifan sola?

Injiniya: Tana toshewa, sai an riƙa wankewa, a ƙasar da ruwa ke da tsada. Kuma wajen Agusta zuwa Oktoba iska na raguwa. Batiri na riƙe awanni, ba ya riƙe watanni. Wannan nake nufi tun farko.

Malama: Wannan hujja ce a kan kashi 100, na yarda tana da nauyi. Amma daga kashi 20 zuwa kashi 50, ajiyar awanni ake buƙata, kuma awanni batiri na iya su. A Santiago ma ana shirin tashar da za a tura ruwa kan tudu da rarar wuta, a sako shi ya juya inji lokacin buƙata. Injin tace ruwa kansa ana iya sa shi ya fi aiki a sa'ar da iska ta yi yawa, a tara ruwan a tanki.

Baba Alhaji: Wa zai biya?

Malama: Waɗanda suka biya na farko. Bankin Zuba Jari na Turai da Bankin Raya Afirka suka ba Cabeólica bashi, AFC, cibiyar zuba jari ta Afirka mai hedikwata a Legas, kuma na cikin manyan masu hannun jari.

Injiniya: Bashi ne dai, Baba Alhaji, kuma ƙasar na ɗauke da bashi mai nauyi tuni. Ina nan a kan bakana game da kashi 100. Na 50 kuwa, ku nuna min farashin kilowat bayan an sa batiran, sannan mu sake zama.