Wasa ɗaya yake ta maimaitawa, na rasa yadda zan yi

Assalamu alaikum, abokan aiki masu jinyar yara ta hanyar wasa.

Ina ganin wani yaro ɗan shekara 7 da ya tsira daga harin 'yan bindiga. Zama 9 ke nan, wasansa ɗaya: ya jera 'yan tsana a farantin yashi, ya binne su, sai ya sandare yana haki. Na bar shi ya ja ragamar wasan, ina faɗa masa abin da na ga yana ji. Na ƙara motar asibiti cikin kayan, ko kallonta bai yi ba. Yanzu mahaifiyarsa ta ce fitsarin kwance ya dawo. Abin ya tsaya mini a rai.

Shin in katse wasan binnewar nan, ko in ci gaba da bin sa?