Ya ake gane ko ɗaukar ma'aikata kala-kala na kawo riba?

Maman_Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ɓangaren ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin raba sabulu da kayan masarufi a Kano. Bara na dage aka ɗauki mata cikin masu tallan kaya, da wani yaro Ibo, da kurma ɗaya a sito, to yanzu oga ya ce kafin kasafin baɗi in kawo mishi a rubuce me abin ya ƙara ma kamfani, wlh na rasa ta inda zan fara. Dan Allah a taimaka.

Abu_Sadiq:
Wa'alaikis salam Hajiya. Rahoton McKinsey (kamfanin ba da shawara kan kasuwanci) na 2020 ya ce kamfanonin da suka fi yawan mata a manyan muƙamai sun fi masu ƙarancin mata yiwuwar cin riba mai kyau da kashi 25 cikin 100, na haɗakar ƙabilu kuma kashi 36. Ki kai mishi wannan.

Akanta_Zazzau:
Malam Abu kar ta jingina da shi gaskiya. A 2024 wasu masana biyu, Green da Hand, sun sake lissafin ɓangaren ƙabila da kamfanonin S&P 500 na Amurka (manyan kamfanoni 500 a kasuwar hannun jari), alaƙar haɗakar ƙabilu da riba ba ta fito ba. Kuma ai yana yiwuwa kamfanin da ya riga ya yi ƙarfi ne ke iya ɗaukar kowa.
Hajiya littafin cinikinku ne shaidarki. Ki ɗauko unguwannin da matan ke zagayawa, cinikin wata shida kafin su zo da wata shida bayan sun zo, ki kwatanta da unguwa irinsu da ba a tura mace ba, kuma ki ƙirga katan ba naira ba, dan tsadar kaya kaɗai sai ta kumbura lissafi. Yaron kuma ki duba sabbin kwastoma nawa ya kawo daga Sabon Gari.

Ummi_Tela:
Yaya ki ƙirga su nawa suka zauna a aikin! Ni na bar wani aiki ne saboda babu wajen sallah na mata kuma mitin sai bayan magariba, duk wadda ta tafi kuɗin koya mata aiki ya bi ruwa. Sannan mace na shiga gidan da aka rubuta ba shiga, ta kai ma masu sana'a a cikin gida kaya, wannan cinikin da ba kwa samunshi. Kurman nan dai dan Allah a auna aikinshi kamar na kowa, kar zamanshi ya rataya a kan sai ya ƙara riba.

Maman_Hanifa:
Na gode sosai. Malam Akanta, akwai azumi cikin watannin, ciniki na tashi lokacin, in cire shi ko in bari?