Wa ya taɓa haɗa wayar hedifon da hannunsa? Ku faɗa mana yadda kuka ƙare

Baban Iman, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hedifon ɗin da nake tace murya da shi a ɗan situdiyonmu ne ya fara ɗauke kunnen hagu, sai na lanƙwasa wayar a bakin jak sannan ya dawo. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na shiga Sabon Gari na sayo sabon jak da dalma, na datse wayar, sai ga wasu siraran wayoyi uku masu launi kamar zaren ɗinki. Dare uku ina fama, dalma ta ƙi kama su, sai dai ta dunƙule ta gangare ƙasa. Yanzu wayar ta ragu da kusan taƙi guda saboda yanka. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya taimaka da abin da ya gani.

Mai Gyaran Waya, Farm Centre

Wa alaikumus salam Alhaji. Launin nan da ka gani fenti ne, shi ne rigar wayar, shi ya sa suke haɗe da juna ba sa yin shot. Muddin yana jiki dalma ba za ta kama ba ko za ka shekara. Lokacin da nake yaron shago leta nake sa musu, su yi baƙi ƙirin, in kankare da reza, rabin silin ya tsinke a hannuna. Maigidana ne ya hana ni. Ka tara ɗigon dalma a bakin ayan, wato ƙarfen narka dalma, ka shafa wa bakin wayar fulas, man nan da ke sa dalma ta kama, ka tsoma shi cikin ɗigon ka ɗan jira. Za ka ga hayaƙi ya tashi, bakin ya koma fari kamar azurfa. Idan ayan ɗinka mai saiti ne ka kai shi wajen digiri 380 na Celsius, domin zafin da ke narka dalma bai isa ya ci fentin ba. Akwai kuma farin zare a tsakiyar wayar, na ƙarfi ne kawai, ka ware shi ka yanke, in ba haka ba ya narke ya ɓata maka aiki.

A jak mai gaɓa uku, tsinin hagu ne, zoben tsakiya dama, gindin kuma giraun, wato wayar da wutar kunnuwan biyu ke komawa ta cikinta. Galibi ja dama ne, kore ko shuɗi hagu, mai ruwan tagulla giraun, amma kada ka rantse da launi. Ka gwada da mita, na'urar auna wuta. Na sha ganin iyafis da aka juya launukan.

Ɗan Damagaram

Ni tawa ta fi taku ban dariya. Ba wuta ranar, na ce ba zan jira ba, na sa babbar ƙusa a garwashin shayi na kama ta da filaya. Dalma ta narke kuwa, amma robar da ke raba gaɓoɓin jak ɗin ita ma ta narke, tsinin ya karkace. Na sayi na biyu. Wannan karon aiki ya yi kyau, na ɗaga ina yaba kaina, sai na hangi murfin jak ɗin a kan tabarma. Ban zura shi a wayar ba kafin in liƙa. Haka na sake warware komai. Tun daga ranar, murfi nake fara zurawa kafin ma in fere waya.

Mai Gyaran Waya, Farm Centre

Malam, wannan ta murfi babu mai gyaran da ba ta ci ba. Har yau takan kama ni in ana min surutu a shago.

Maman Ummi

Ku bar mata su sa baki. Ƙanena ne mai liƙe-liƙen, ni kuma nake yi masa kitson. Ya sayo siraran wayoyi masu lambar kauri 26 ya ce a intanet ya ga ana tufka guda huɗu, ya zauna yana ta dagula su. Na ce kawo nan, wanda ya saba da kan yara ranar jajiberin sallah wannan ba komai ba ne. Muka ɗaure bakin a ƙofar taga, na yi masa zagayayyen kitso mai sili huɗu har inda za ta rabu, daga nan na murɗa bibbiyu zuwa kowane kunne.

Kuskurenmu na farko tsawo ne. Ya auna mita ɗaya da santimita 20 daidai, irin tsawon na kanti, ya yanke. Kitso kuwa cin tsawo yake yi. Da muka gama, in ya sa wayarsa a aljihun wando sai ya ɗan duƙa. A ta biyu muka ƙara sosai, daga baya muka rage. Kuma hannu ya zama ɗaya tun daga sama har ƙasa. Inda na tashi na duba tukunya na dawo, wurin ya fi matsewa, har yau wayar a nan take naɗewa.

Ya kuma sa wa wata rigar igiya, irin ta lema, don ado. Kyau kam ta yi. Amma da na ara na sa a ƙarƙashin hijabi, duk motsin da na yi sai in ji ƙarar gogarta a cikin kunnena, ƙurrr, har ta danne karatun da nake saurare. Na ce ya bar igiyar daga mararraba zuwa ƙasa, saman a bar shi haka.

Abu Sumayya, Kaduna

Nawa mai makirfo ne, jak mai gaɓa huɗu. Na haɗa, na sa waƙa, kiɗa yana fita amma muryar mawaƙin kamar daga cikin rijiya. Abin mamaki, in na danne maɓallin amsa kira sai sauti ya dawo garau. Na ɗauka aljanu ne a iyafis ɗin. Ashe tsari biyu ne. A wanda ake kira CTIA, wanda yawancin wayoyin yanzu ke bi, daga tsini zuwa gindi: hagu, dama, giraun, makirfo. A OMTP, na tsofaffin wayoyin Nokia da dama, makirfo ne na uku, giraun na ƙarshe. Ni hoton tsohon tsarin na bi. Da giraun ya ɓace, abin da ya bambanta hagu da dama kawai kake ji, murya kuma da yake a tsakiya aka ajiye ta sai ta shafe kanta. Na musanya wayoyi biyun, magana ta ƙare.

Sarkin Sauti

Duk kun tsaya a gyara. Ni don sauti nake haɗa tawa. Tun da na koma waya mai ruwan azurfa sautin ya buɗe, ƙananan kayan kiɗa duk suka fito.

Injiniya Ɗan Zariya

Ranka ya daɗe, a nan zan saɓa maka. Ni ma na kashe kuɗi a kanta, na kuma rantse na ji bambanci. Sai na ba maiɗakina wayoyin biyu, na juya baya na rufe ido, tana canzawa ina canka. Canke na bai fi na mai jefa kwabo ba, ita kuwa dariya har da hawaye. In ka duba lissafin ma, azurfa ta fi tagulla wuce da wuta da kusan kashi 6 cikin ɗari ne kawai, kuma turjiyar waya mai tsawon mita ɗaya ba ta kai om ɗaya ba (om shi ne ma'aunin turjiya), a gaban hedifon mai om 32. Abin da na yarda da shi, tsohuwar wayarka wataƙila ta riga ta fara tsinkewa a ciki, ko gumi ya sa ta yi kore, to dole sabuwa ta fi ta. Ni yanzu wayar makirfo ta kamfanin Canare mai sili huɗu nake sa wa manyan hedifon, don tana jure ja da taka.

Sarkin Sauti

Kunnen kowa daban, Injiniya. Amma zan sa yarona ya yi min irin gwajin naka, in na faɗi zan dawo in faɗa.

Injiniya Ɗan Zariya

Allah ya kai mu. Ga masu ƙananan iyafis da ake cire wa waya, ku lura da filogin. MMCX zagayayye ne, yana juyawa, ƙanƙane ne ƙwarai, in ayan ya daɗe a kansa robar ciki ta tafi. Mai fil biyu kuma akwai mai kaurin milimita 0.78 akwai mai 0.75. Na taɓa tura mai kauri a ramin siriri da ƙarfi, ramin ya buɗe, daga nan kowace waya na sa sai ta zame. Kuma in ka juya fil ɗin kunne ɗaya, sauti zai fito amma bes ya yi rauni, ka rasa inda murya take a cikin kanka. Wanda ke haɗa mai jak ɗin milimita 4.4 kuma kada ya haɗe nagatif ɗin hagu da na dama wuri ɗaya kamar yadda ake yi a jak 3.5, yana iya ƙona masa amfilifaya.

Baban Iman, Kano

Jama'a Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha na bi maganar mai gyara, tsomawa ɗaya bakin wayar ya yi fari, har na ji haushin dare ukun da na ɓata. Murfi na fara zurawa, Ɗan Damagaram, da kai a raina. Da na duba guntun da na yanke tun farko, daidai inda roba mai tauri ta ƙare ne silin ya karye, don haka na matse maƙallin jak ɗin a kan rigar wayar, na bi da robar nan mai tsukewa da zafi ninki biyu, ta ciki ta fi ta waje tsawo. Na kuma zura sifirin ɗin biro a wuyan. Kunne biyu suna yi. Sai dai da safe da na buɗe aikin da nake tacewa na ji kalangun da na ajiye a hagu ya koma dama.

Mai Gyaran Waya, Farm Centre

Alhaji, ba ka gwada da mita ba ke nan. Kwance murfin ka musanya na tsini da na zobe, kada ka taɓa giraun. In dalmar ta ƙare ka biyo ta shago gobe bayan azahar.