Goblin huɗu sun kwantar da rabin tebur: zalunci ne ko wasa?

Mai Allon Kwali: Assalamu alaikum 'yan uwa masu jan wasa. Ga halin da nake so kowa ya faɗi yadda yake kasancewa a teburinsa. D&D bugu na biyar (wasan tebur da ake jan labari ana jefa dayis), jarumai huɗu a mataki na 1, ƙananan dodanni goblin huɗu sun yi musu kwanton ɓauna a bakin hanya, kafin zagaye na uku biyu sun faɗi. 'Yan wasa na cewa an zalunce su, mai jan wasa na cewa shi littafi ya bi. Wa ke da gaskiya?

Ɗan Lissafi: Wa alaikumus salam. In littafin ƙa'idojin 2014 ya bi, to bai ƙarasa karanta shafin ba. Kowane goblin XP 50 ne, wato makin da ake auna nauyin faɗa da shi, huɗu 200. Amma dodanni uku zuwa shida sai an ninka biyu, ya zama 400. Iyakar faɗan kisa ga ɗan mataki na 1 kuwa 100 ne, mutum huɗu 400 cif. Wato littafin da kansa ya ce a nan ana iya rasa rai. Wannan ninkin shi mutane suka fi mantawa.

Ku dubi matsafi. Jininsa, wato makin ransa, 8 ne in ya yi sa'ar lafiyar jiki, kariyarsa 12 in bai yi tsafin sulke ba. Goblin na da ƙarin 4 a jifan hari, don haka 8 kawai yake nema a dayis mai fuska ashirin, kashi 65 cikin ɗari ke nan. In daga ɓoye ya harbo, dayis biyu zai jefa ya ɗauki babba, sai ya haura kashi 87. Kowace kibiya tana cire jini 1d6+2, wato dayis ɗaya mai fuska shida a ƙara 2. Kibiya biyu, matsafi na ƙasa bai ko buɗe baki ba, domin wanda aka shammata a ƙa'idar 2014 ba ya motsi a zagayen farko. Ga shi goblin na harbi ya sake ɓuya a layi guda, wato kafin wasa ya koma hannun wani.

Littafin 2024 ya cire ninkin, har wannan faɗan ya koma ajin mai sauƙi a lissafinsa. Sai dai ya kuma rage dafin shammata: ba ka rasa layinka, jifan wa-zai-fara ne kawai ke yi maka nauyi. Wanda ya ɗauki lissafin sabo ya haɗa da shammatar tsoho ya haɗa wa mutanensa gadar zare.

Uwar Dodanni: Malam Ɗan Lissafi ya gama magana a kan adadi. Ni gargaɗina a kan lambar CR ne, wato ma'aunin haɗarin dodo, kada a ba ta amana a matakai ukun farko. A littafin 2014, dodon nan bugbear CR 1 ne kacal, amma dukansa 2d8+2, in ya shammace ka a ƙara 2d6. Matsakaici 18. Mai jini 8 ya faɗi, ragowar 10 ta kai yawan jininsa gaba ɗaya, ƙa'ida ta ce ya mutu nan take, babu jifan tsira da wanda ya faɗi ke yi don ya rayu. Duka ɗaya tak.

Inuwar nan, shadow, rabin CR ce, amma duk taɓawa tana zuƙe 1d4 na ƙarfin jiki, in ya kai sifili an mutu, ko da jini cike yake. Matsafi mai ƙarfi 8 taɓawa uku ko huɗu ta ishe shi. Ghoul kuma farcensa na sandarar da mutum, wanda ya sandare duk saran da ya same shi daga kusa ninki ne. Abin da nake yi kafin zama: in karanta kowane dodo in nemi abin da ke hana ɗan wasa layinsa ko ke kashewa ba ta hanyar jini ba. In akwai, guda ɗaya nake sakawa, kuma sai na nuna alamarsa tukuna.

Tsohon Kogo: Hajiya, wannan kalmar taki ta ƙarshe ita ce maganar. Faɗa mai tsanani ba laifi ba ne. Laifin a jefa mutane ciki ido rufe. A wancan kwanton ɓaunar, me aka nuna musu? In akwai mushen doki da baƙaƙen kibau a jikinsa, ciyawa ta kwanta a gefen hanya, tsuntsaye sun yi tsit, suka taka duk da haka, to sun sayi abinsu da kuɗinsu. In kuwa daga "kuna tafiya" sai "ku jefa dayis", mai jan wasa ne da laifi. Alama uku nake bayarwa, saboda ta farko ba sa ji, ta biyu suna gardamar wa zai riƙe fitila.

Sai ƙofar gudu. Muna yawan cewa "ai da sun gudu", alhali a kan allo gudu ba ya yiwuwa. Ka janye a tsanake ka yi ƙafa 30, goblin ma 30 yake yi, ya biyo ka ya sare ka. Ka zura da gudu, ya sami saran ƙeya kyauta. Kyarkeci 40 yake yi, wada mai gemu 25 a ƙa'idar 2014. Saboda haka da zarar sun ce sun gudu, a naɗe allon. A tambaye su me za su bari: amalanke, jakar kuɗi, alfadari. Goblin kaya ya zo nema, ba zai bar buhu a ƙasa ya bi mai takobi cikin daji ba.

Tsohon bugu na 1981 yana da maganin da aka watsar. Kowane dodo da lambar ƙarfin zuciya, ta goblin 7. Idan na farkonsu ya mutu a jefa 2d6, haka in rabinsu sun faɗi. Ya wuce lambar, su watse. Sau 15 cikin 36 ke nan a kowane jifa, kuma yana shiga bugu na biyar ba tare da an gyara komai ba.

Mai Labule: Ni dai in na ga abin zai ɓaci, ina rage sakamakon dayis a bayan labule. Ba wanda ya sani, kowa ya tashi da fara'a.

Ɗan Lissafi: Ɗan uwa, suna sani. Ranar da dodo ya kuskure sau huɗu a jere daidai lokacin da mayaƙi ya rage jini 2, sun gane, kuma daga ranar nasararsu ta daina daɗi. Akwai abin taɓawa da ba ƙarya ba ne: goblin na biyar da ka shirya ya shigo, kada ya shigo. Su kama wanda ya faɗi su nemi fansa. Shugabansu ya yi kira a ja da baya da kayan da aka samu.

Uwar Dodanni: Ku ƙara da batun wanda ya faɗi. Yana jifan tsira, 10 zuwa sama ya ci, fuska 11 cikin 20, uku ya tsira, faɗuwa uku ya tafi. Amma sara ɗaya daga kusa faɗuwa biyu ake rubuta masa. Dodon da ya tsaya kan sumamme kusan ya yanke masa hukunci. Ghoul mai yunwa zai yi haka, ɗan fashi ba zai yi ba alhali wani na tsaye da gatari a kansa. Wannan a faɗe shi a zaman farko, kafin a ƙirƙiri jarumai: a teburin nan ana bin na ƙasa ko ba a bi? Rigimar da ke biyo bayan mutuwa yawanci daga rashin wannan tambayar take.

Baƙon Pathfinder: A namu wasan, Pathfinder bugu na biyu, lissafin ya fi riƙe alkawari: ga mutum huɗu, XP 80 matsakaici, 120 mai tsanani, 160 a bakin rai. Tarkon shi ne dodo guda da ya fi su mataki uku. Shi ma 120 ne, amma tunda wuce kariya da 10 sara ninki ne, yana kwantar da mutum a layi ɗaya su kuma suna ta sarar iska. Ga sababbi, gara uku masu matakinsu, 40 kowanne.

Mai Allon Kwali: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan mayar da su uku, biyu a fili ɗaya a ɓoye, in sa mushen dokin, in kuma jefa 2d6 da zarar na farko ya faɗi. Tsohon Kogo, in shugabansu na wurin, lambar tana nan a 7?

Tsohon Kogo: In sarkinsu ne da kansa, 9. Ka sa masa jar hula su san wanda za su fara harba.