"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba": ta dace da cikin bas kuwa?

Mai Nazari: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar yau kowa ya san ta: "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Wasu kan ce "bai zama", duk ɗaya ne. Yadda na fahimce ta, mutum ne ya ɗauko kaya sun karkace suna shirin zubewa, na bayansa ya ce masa gyara. Bai ce a sauke a ba shi kaso ba. Amfanin maganar duk na mai kayan ne. To ina yawan jin ana janta a bas ɗin cikin gari. Mota ta cika maƙil, mutane na tsaye riƙe da ƙarfe, wani ya zauna ya kuma ba jakarsa kujerar gefensa. A ce masa malam ɗauke jakarka, ya haɗe rai, sai ka ji wani daga baya ya ce "ai gyara kayanka…". Ni a ganina an kai ta inda ba wurinta ba. A nan sauke mu raba ɗin ake nufi ƙiri-ƙiri: sauke jakar, mu raba kujerun. Me kuka gani?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban yarda ba. Me za a raba? Kujerar tasa ce? Wurin mutum ɗaya ya biya, wurin mutum ɗaya ya cancanta. Jakarsa kuma ba wanda ya ce zai buɗe ta ya ɗebi wani abu. Ya ɗora ta a cinya, ta isa gida lafiya yadda ya fito da ita. Ana faɗin karin maganar ne ga wanda ya ɗauka za a rage masa nasa alhali ba abin da zai ragu. Ta zauna daram.

Mai Nazari: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ki dubi mai maganar. Ƙarfin karin maganar ai yana wurin cewa mai ba da shawarar ba shi da wata riba. Shi kuwa na tsaye ƙafarsa ce ta gaji, kujerar yake so. Haƙƙinsa yake nema, kuma yana da gaskiya, amma neman haƙƙi daban, nasiha daban. In ya fake da karin magana kamar don Allah yake yi, mai jakar ma ya san ba haka ba ne.

Tsohon Direba: Ku bar ni in sa baki, don na ci wannan aikin har na ajiye. Ku manta da kujera tukuna, ku zo ƙofa. Direba yana da madubi a saman kansa da yake ganin cikin mota har ƙarshe. Abin da yake gani kullum shi ne: gaba an cushe ba masaka tsinke, baya kuwa ga fili da mutum biyar ko shida za su tsaya su sake. Kowa ya shigo sai ya toge a bakin ƙofa, wai kar tasharsa ta zo bai samu hanyar fita ba. Ka ce a matsa ciki, a dube ka kamar ka yi zagi.

Ga abin da fasinja bai sani ba. Duk tsayuwar da ta yi tsawo, motar ta makara. In ta makara, a tasha ta gaba za ta tarar da mutane sun fi na kullum yawa, don sun daɗe suna taruwa. Ɗaukarsu ya ƙara cin lokaci, ta ƙara makara. Ta bayanta kuwa tana zuwa ta tarar an kwashe mutane, ba ta daɗewa, sai ta kamo ta gaba. Shi ya sa za ka yi ta jira shiru, can sai ka ga bas biyu ko uku sun jero, ta farko kamar za ta fashe, ta ƙarshe kusan wayam. Mutane su ce direbobi ne suka tsaya hira. Cunkoson titi na da nasa laifin, amma da yawa daga bakin ƙofa abin ke farawa: mai tare hanya, mai kutsowa kafin masu sauka su sauka, da wanda sai ya taka matakala sannan zai fara laluben katinsa a gindin jaka.

To wanda aka ce wa matsa ciki, shi ma sauri yake. In ya matsa, shi ma ya isa da wuri. Malam Mai Nazari, a nan ba ka da ta cewa.

Mai Nazari: A ƙofa na sallama, Baba. A kujera ina nan kan bakana.

Ɗan Auta: Ni tambayata, ƙara tana cikin kaya? Don wanda ya fi damuna ba mai jaka ba ne, mai waya ne. Ya saki bidiyo a lasifika, kafin ka gane abin da ake cewa ya ja da yatsa ya koma wani, daga waƙa zuwa wa'azi zuwa dariyar da aka naɗa. Ko mai amsa kira da zai sanar da mota duka wanda yake bi bashi da ranar da aka yi za a biya. Ka ce ɗan'uwa rage mana, ya ce da kuɗinsa ya sayi wayarsa. Wa ya ce ya ba ka wayar? 😂

Malama Mai Alli: Ƙanena, amsar da ya ba ka ita ce dalilin da ya sa aka yi karin maganar tun farko. Ka ce gyara, shi ya ji raba. "Kaya" a nan ya wuce ƙunshi, ya haɗa da hali da duk abin da mutum ke ɗauke da shi ya shiga cikin mutane.

Amma ni ma'aunina ba irin na Malam Mai Nazari ba ne. Shi yana duba ko mai magana na da riba. Ni ina duba ko mai kayan ya sani. Mai ɗauke da kaya a ka ba ya ganin sun karkace, na baya ke gani. Ku dubi mai jakar goyo a cikin bas. Ya tsaya a tsakiya, jakar ta ƙara masa kauri ta baya, shi bai ji ba. Ya juya zai duba taga, jakar ta share fuskar wadda ke zaune, igiyarta ta ja mata tabarau. Ya sake juyowa don jin wa ya yi tsaki, ta bugi na ɗaya gefen. Wallahi bai san yana yi ba. Ka taɓa kafaɗarsa ka ce sauke ta ka riƙe a gabanka, yawanci sai ka ga ya ji kunya ya ba da haƙuri. Kuma shi ya ci riba, don jakar da ke bayanka a cunkoso ta masu yankan aljihu ce.

Shi kuwa mai ba jaka kujera ya sani sarai. Ku lura da shi in mota ta tsaya mutane suna shigowa: nan take zai ƙura wa waya ido, ko ya juya taga, ko ya lumshe ido kamar barci ya kwashe shi. Kunnen uwar shegu ne kawai. Wannan ba ya buƙatar a sanar da shi komai, so yake ka ji nauyin tambaya ka haƙura. Saboda haka na bi bayan Malam a hukunci, na saɓa masa a dalili.

Hajiya Babba: Wato kun haɗu mini kai ke nan. To na ji. Amma ko ya sani ko bai sani ba, in na ce masa "gyara kayanka" na ba shi ƙofar fita da mutuncinsa. Ya yi kamar bai lura ba, ni ma in yi kamar na yarda. In na ce masa kai mai son kai ne, sai mu kwana a nan.

Gimbiya: Hajiya, ke girmanki na sa a ji maganarki. Mu fa? Namiji ya zauna ya baje ƙafafu ya ci rabin kujerata, gwiwarsa na gugar tawa, ni na takure jikin taga. In na yi magana a ce yarinyar nan ba ta da kunya, ko ya ce in ba na son a taɓa ni in sayi motata. In na yi shiru ya ƙara sakewa. A Madrid ta ƙasar Sifen sai da mata suka yi ta koke, a 2017 kamfanin bas na birnin ya saka alama a cikin motoci, hoton mutum ya baje ƙafa da alamar hani a kai, kusa da ta hana shan taba. Wasu sun yi dariya. Ni ban yi ba. Alama a bango ba wanda zai ce mata tana neman wani abu a wurinsa, ba kuma wanda zai ce mata mara kunya. Sai ki nuna ta da yatsa kawai.

Baba Dattijo: 'Ya'yana, duk na karanta. Ni dai abin da na sani, zo mu zauna zo mu saɓa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, balle mutum hamsin da ba su san juna ba a cikin akwatin ƙarfe ɗaya. Tafiyar nan ba ta kai awa ba kowa zai kama gabansa. Haƙuri maganin zaman duniya. Abu ɗaya ne ke ci mini rai: saurayi majiyi ƙarfi a zaune, tsohuwa ko mai ciki a tsaye tana tangaɗi duk sanda aka taka birki. Wannan kam ba na iya shiru.

Gimbiya: Baba, a gafarce ni, amma ka ga kai ma akwai inda haƙurinka ya tsaya. Kuma kullum wanda aka taka ake ba haƙuri, ban taɓa jin an ce wa mai takawa ya haƙura ya ɗage ƙafarsa ba.

Na Gefe: Baba, ina cikin samarin da kake nufi, shi ya sa na fito. Ina da sikila. In ka gan ni ba za ka ce ina da wani ciwo ba. Ranar da ƙashin ƙuguna ya tashi, tsayuwar minti goma a mota mai jijjiga na iya kai ni gadon asibiti. Wata rana ina dawowa daga ganin likita, wani bawan Allah ya tsaya a kaina ya yi mini wankin babban bargo a gaban kowa, wai 'yan zamani ba tarbiyya. Na tashi, don ba zan tsaya ina karanta wa mota duka takardar asibitina ba. Shi a ransa gyara ya yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baba Dattijo: Subhanallahi. Allah ya ba ka lafiya, ɗana. To mu da ba mu sani ba, ya za mu yi? Mu bar tsohuwar a tsaye?

Malama Mai Alli: A'a Baba, a yi wa mota duka magana, kar a nuna mutum ɗaya. "Jama'a, ko akwai mai taimaka wa Inna da wuri?" Mai iko zai tashi, mara lafiya ya zauna ba wanda ya tozarta shi. A Landan hukumar sufurin birnin ta daɗe tana ba masu juna biyu bajo su maƙala a riga, sannan a 2017 ta fito da wani shuɗi domin masu larurar da ido ba ya gani, rubutun kansa roƙo ne a ba mai shi wurin zama. Ba a tambayar mutum shaidar likita kafin a ba shi. Labarin Na Gefe ya nuna mini gefen karin maganar da ban kula da shi ba: mai cewa gyara yana ɗauka ya ga kayan da kyau. Wani lokacin abin da ya gani a karkace, haka mai shi ya ɗaure shi da gangan don ya san abin da ke ciki.

Mai Nazari: Tunda an je Birtaniya, ga wadda ta kai har kotun ƙoli. A 2012 wani mai keken guragu, Doug Paulley, ya zo shiga bas zuwa Leeds, ya tarar wata mata ta ajiye keken jaririnta a filin da aka ware wa masu keken guragu. Direba ya roƙe ta ta naɗe shi, ta ƙi, jaririn na barci. Aka tafi aka bar mutumin a tasha. A Janairun 2017 kotun ta ce roƙo sau ɗaya a yi shiru bai wadatar ba. In ƙin ba shi da hujja, direba ya matsa, har yana iya dakatar da motar na ɗan lokaci. Amma ba ta ce a fitar da fasinja da ƙarfi ba. To Hajiya, wannan gyara kayanka ne ko sauke mu raba? Matar nan fa an rage mata wani abu na gaske: ta tashi jariri daga barci, ta riƙe shi a hannu ɗaya, ta naɗe keke da ɗaya.

Hajiya Babba: Na goyi yara, na san mene ne tashin jariri a mota. Duk da haka keken jariri na naɗewa, na guragu kuwa ƙafafun mutum ne. Ita wahala za ta sha, shi tafiyar ce gaba ɗaya ya rasa. Amma na yarda wannan ta fi ƙarfin karin maganarmu. Da ina cikin motar da ban yi mata karin magana ba, da na ce miƙo shi nan in riƙe miki.

Tsohon Direba: Hukuncin ya yi daɗin karantawa. Amma "direba ya dakatar da mota" a bakin alƙali abu ne mai sauƙi. Ka kashe inji da safe, mutum sittin a bayanka kowa na duba agogo, ka ga wa za su fara zagi. Ba matar ba ce, ba kuma mai keken ba. Sannan ka isa ƙarshen layi a makare, mai duba lokaci na jiranka da biro. Duk waɗanda suka cika motar ranar nan, mutum nawa ne a cikinsu ya buɗe baki ya taya direban?

Ɗan Auta: Baba Direba, suna can kowa ya sa iyafis a kunne. Ni kuma ga shi ɗazu na gama roƙon a riƙa sa shi.