Hoton abaya yana dushewa idan na rage girmansa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abaya nake sayarwa a Jidda, wajen Bab Sharif, kuma masu sayena na Kano ta hoto suke zaɓa.

Wayata tana ɗaukar hoto mai faɗin fiksel 4000 (wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto), tar da shi, har zaren ɗinkin ana gani. Amma da na rage shi zuwa 800 don sauƙin turawa, sai duwatsun wuyan su cakuɗe, baƙin yadin ya yi hazo. Wata Hajiya har cewa ta yi tsohon kaya na turo mata!

Na gwada ajiye hoton a nau'in fayil na PNG maimakon JPEG, nauyi ya ƙaru, dishi-dishin yana nan. Shin kafin ragewa ake ƙara wa hoto kaifi, ko bayan an rage? Don Allah a taimaka.